Muryoyin Bulgeriya: Sun Yi Suna A Waje, Faifai Ya Maido Su Gida

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko, in dai ya taɓa bi ta gadar Eko ya nufi Surulere ko Apapa, ya ga wani katafaren gini a Iganmu mai kama da hular soja. Wannan shi ne Gidan Wasanni na Ƙasa, wanda aka gama a 1976 domin bikin FESTAC na 1977, aka kuma sake masa suna a 2024 don girmama Wole Soyinka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani kamfanin ƙasar Bulgeriya mai suna Technoexportstroy ne ya gina shi, kuma fasalinsa an kwaikwayo shi ne daga wani gidan wasa da ke birnin Varna, a bakin Bahar Aswad.

To amma a Turai ba da gini aka fi sanin mutanen Bulgeriya ba. Da murya aka san su. Ƙasar 'yar ƙarama ce a kudu maso gabashin Turai, tana maƙwabtaka da Turkiyya da Girka da Romaniya, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta wajen miliyan 6 da rabi ne, watau ba su kai mutanen Jihar Kano ba. Duk da haka, tun daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da wuya a sami babban gidan opera a duniya da bai taɓa ɗaukar mawaƙi ɗan Bulgeriya ba.

Ga mai karatun da bai san opera ba, wasan kwaikwayo ne wanda galibi ba a magana a cikinsa sai waƙa. Sarki in zai ba da umurni da waƙa zai bayar, mace in za ta yi kukan mijinta da waƙa za ta yi, kai har wanda aka soka da takobi sai ya rera tasa kafin ya faɗi. Makaɗa sittin ko fiye suna zaune cikin wani rami a gaban dandamali da goge da sarewa da ƙaho da ganguna irin na Turawa, ga kuma 'yan amshi jingim a kan dandamali. Shi mawaƙin ba shi da makirfo. Da ƙirjinsa kaɗai zai rinjayi makaɗan nan duka har na kujerar ƙarshe ya ji shi, a ɗakin da ke cin mutum dubu biyu, a kuma shafe awa uku ana abu ɗaya. A Italiya aka soma wannan sana'a wajen shekarar 1600.

Daga ɗakin karatu zuwa dandamali

Lokacin da Italiyawa ke wannan, Bulgeriya ko gwamnatin kanta ba ta da ita. Turkawa sun ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 14, suka riƙe ta kusan shekara 500, sai a 1878 ta sami mulkin kai bayan yaƙin Rasha da Turkiyya. A duk tsawon zamanin nan babu fadar sarkin gida da za ta riƙe makaɗa, babu kuma gidan wasa. Majami'a da ƙauye su suka riƙe waƙa. Ɗariƙar Kiristanci da suke bi, ta Otodoks, ba ta yarda a shiga majami'a da kayan kiɗa ba, sai muryar ɗan Adam zalla, saboda haka namiji mai murya mai kauri, irin wadda ake ji kamar daga rijiya take fitowa, abin nema ne tun yana yaro. A ƙauye kuwa mata na waƙa a gona da wurin biki da wurin makoki. Daga 1856 kuma garuruwa suka fara kafa wasu ɗakunan karatu na jama'a da suke kira chitalishte, da kuɗin karo-karo na 'yan kasuwa da masu sana'a. A nan ake karanta jarida, a nan malaman makaranta ke haɗa 'yan amshi, a nan kuma aka fara wasan kwaikwayo.

A 1890 wasu samari uku da suka koyo kiɗa a waje, Dragomir Kazakov da Ivan Slavkov da Angel Bukoreshtliev, suka kafa ƙungiyar opera ta farko a Sofiya, babban birnin ƙasar. Ba ta yi ƙarko ba. A 1892 ta watse, don kuɗin ƙofa bai isa ya ciyar da mawaƙa da makaɗa ba, gwamnati kuma ba ta ɗauki nauyin ba. Opera ta farko da ɗan ƙasa ya tsara da harshensu ma ba a Sofiya aka fara nuna ta ba. A Kazanlak ne, garin da ya yi suna wajen turaren wardi, a 1900. Wani shugaban badujalar soja, Emanuil Manolov, shi ya tsara ta, sunanta Siromahkinya, watau matalauciya, kuma 'yan sa kai ne suka rera ta.

Sai a 1908 abin ya kafu sosai, kuma 'yan ci-rani ne suka kafa shi. Konstantin Mihaylov-Stoyan ɗan asalin Bulgeriya ne da aka haifa a ƙasar Rasha ta wancan zamani, ya kuma yi shekaru yana waƙa a gidan Bolshoi na Mosko. Shi da Ivan Vulpe da Kazakov ɗin nan da bai karaya ba, da wasu abokansu, suka kafa Ƙungiyar Opera ta Bulgeriya. A 1909 suka nuna cikakken wasa na farko, Pagliacci na Italiya. Georgi Atanasov, wanda ya yi karatu a Italiya a hannun Mascagni, ya kawo musu Borislav a 1911 da Gergana a 1917, labaran gida da karin waƙar gida. A 1922 gwamnati ta karɓi ƙungiyar ta mai da ita Opera ta Ƙasa, shekara 30 cif bayan rashin kuɗi ya kashe ta farkon. Birnin Stara Zagora ya kafa tasa a 1925. Kafin yaƙi ya ɓarke an sami Tsar Kaloyan na Pancho Vladigerov a 1936, da wasan Lyubomir Pipkov kan Yana da 'yan'uwanta tara a 1937.

'Yan gurguzu sun karɓi mulki a 1944. Ko me za a faɗa a kansu, kuma akwai abin faɗa da yawa, sun zuba kuɗi a wannan harka. An buɗe gidan opera a Varna a 1947, a Ruse a 1949, a Plovdiv a 1953, Sofiya kuma ta sami sabon gini a 1953. Karatu kyauta ne, tikiti da araha, ɗan manomi mai murya yana iya kaiwa makarantar kiɗa ta Sofiya. Malami ɗaya, Hristo Brambarov, shi ya koyar da Nicolai Ghiaurov da Nicola Ghiuselev da Ghena Dimitrova, waɗanda kowannensu shi kaɗai ya isa ƙasa ta yi alfahari. Amma hannun da ya ba da abinci shi ke riƙe da fasfo. Wanda hukuma ta yarda da shi ya fita ya dawo, wanda ba ta yarda da shi ba ko dai ya zauna, ko in yana waje ya ci gaba da zama can.

Mutumin da aka rufe wa ƙofa biyu

Babu wanda labarinsa ya nuna wannan kamar Boris Christoff. An haife shi a Plovdiv a 1914. Shari'a ya karanta a Jami'ar Sofiya, waƙa kuwa a cikin 'yan amshi yake yi, a wata ƙungiya mai suna Gusla da kuma babbar majami'ar Alexander Nevsky. A 1942 Sarki Boris na Uku ya ji muryarsa, aka ba shi kuɗin karatu ya tafi Italiya. Kafin ya gama koyo duniya ta juya: sarkin ya mutu a 1943, sarautar kanta an soke ta a 1946. A wannan shekara ta 1946 ya fara hawa dandamalin opera a wani gari na kudancin Italiya, Reggio Calabria, kuma cikin shekara uku ya kai Milan da Landan.

Wasan da ya fi yin suna a kai shi ne Boris Godunov na Mussorgsky, labarin wani sarkin Rasha da ya hau gado bayan kisan yaron da ke da gadon, alhakin yaron kuma ya hana shi barci har ya mutu. A 1950 babban gidan opera na New York ya gayyace shi, sai hukumomin Amurka suka hana shi biza, wai ɗan ƙasar gurguzu ne. Alhali kuwa a ƙasar gurguzun ana yi masa kallon yaron tsohon sarki da ya zauna wajen 'yan jari-hujja. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Amurka ta buɗe masa ƙofa a 1956, ya yi waƙa a San Francisco, amma gidan nan na New York bai taɓa taka dandamalinsa ba. Gida kuwa sai a 1967 ya sa ƙafa, bayan fiye da shekara 20, kuma jana'izar mahaifiyarsa ce ta kai shi.

Mutumin da Turai duka ke kira ɗaya daga cikin manyan mawaƙan ƙarni na 20 bai taɓa yin opera a kan dandamalin ƙasarsa ba. Mutanen garinsu a faifai suka san shi. A 1952 ya ɗauki Boris Godunov a Faris wa kamfanin EMI, inda ya yi abin da ba ya yiwuwa a dandamali: shi ne sarkin, shi ne tsohon malamin majami'a mai rubuta tarihi, shi ne kuma wani mashayi ɗan yawon duniya, mutum uku da maƙogwaro ɗaya. A 1962 ya sake ɗaukar wasan, a Faris ɗin dai, amma a wannan karo 'yan amshin Opera ta Sofiya aka kawo masa. Tun da shi bai je gida ba, gida ya zo masa.

A 1976 aka bar shi ya shiga majami'ar Alexander Nevsky, inda ya yi waƙa yana saurayi, ya ɗauki waƙoƙin ibada na Bulgeriya da na Rasha tare da 'yan amshin wurin. Kamfanin faifan gwamnati ne ya fitar da su, gwamnatin da aƙidarta ba ta yarda da addini ba. Ya rasu a Roma a 1993, aka ɗauko gawarsa aka binne a Sofiya. Gidansa na Roma ya bar wa ƙasarsa don matasan mawaƙa su riƙa zuwa koyo, na iyayensa a Sofiya kuma ya zama gidan tarihi.

Sauran ba su sha irin wannan wuya ba, amma su ma a waje suka yi rayuwa. Ljuba Welitsch ta girgiza New York a 1949, ta rasu a Biyana a 1996. Ghiaurov ya fara a Sofiya a 1955, ya kai Milan a 1959, ya rasu a Modena ta Italiya a 2004. Ghena Dimitrova, 'yar ƙauyen Beglezh, wadda muryarta ke keta makaɗa ɗari kamar wuƙa, a Milan ta rasu a 2005. Raina Kabaivanska ta zauna Italiya, Anna Tomowa-Sintow ta yi shekaru tana aiki da Karajan, mashahurin madugun makaɗan Balin. Wanda ya baro Katsina ko Sakkwato ya zo neman abinci kudu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan dalilin tafiyarsu.

Wa ke riƙe da muryoyin?

Ga inda gizo ke saƙar. Mai zane in ya mutu ya bar zanensa, marubuci ya bar littafi. Mawaƙi kuwa da ya rufe baki shi ke nan, sai abin da na'ura ta kama. Wasannin 1891 da na 1900 iska ta tafi da su. Na bayansu, irin su Petar Raichev da Hristina Morfova, sun bar faya-fayan garmaho, galibi a kamfanonin waje. Faifan wancan zamani da wani irin ƙaro ake yin sa, yana faɗuwa ya fashe kamar tangaran, kuma gefe ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti huɗu zuwa biyar. Wasan awa uku sai ya ci faifai wajen 20, shi ya sa guntaye kawai aka fi ɗauka. Dogon faifai na roba, mai ɗaukar minti 20 da wani abu a kowane gefe, sai a 1948 ya fito a Amurka.

A cikin gida wurare biyu ne suka yi aikin. Ɗaya Rediyon Bulgeriya, wanda gwamnati ta kafa a 1935, mai ƙungiyar makaɗa da 'yan amshi na kansa, da ma'ajiyar da suke kira Taskar Zinariya. Ɗayan kuma Balkanton, kamfanin faifai na gwamnati da aka kafa a 1952, wanda ya yi kusan shekara 40 ba shi da abokin gasa. Kamfanonin waje ma sun zo ɗiba. Karajan ya ɗauki 'yan amshin Rediyon Sofiya da Ghiaurov a nasa Boris Godunov na 1970, kamfanin Sony kuma ya fitar da manyan wasannin Rasha guda shida da aka ɗauka a Sofiya ƙarƙashin Emil Tchakarov, wanda ya rasu a 1991 yana da shekara 43 kacal.

Wanda ya duba al'amarin da kyau zai ga ba muryoyin su Christoff ne ke cikin haɗari ba. Nasu yana hannun manyan kamfanoni. Na EMI ya koma hannun Warner a 2013, na Decca yana hannun Universal, kuma muddin ana saye za su ci gaba da fitarwa, ko da yake ribar ba Sofiya take zuwa ba. Abin da ke bakin rami shi ne na gida: wasannin Atanasov da Pipkov da Marin Goleminov da Parashkev Hadjiev, waɗanda aka rera da harshen da ba kowa ke ji ba a waje, da wasannin Italiya da Faransa da aka yi shekaru ana fassarawa ana rerawa da harshen Bulgeriya, da kuma mawaƙan Ruse da Varna da Stara Zagora da ba a taɓa ba su fasfo ba. Wasu cikinsu ba su gaza waɗanda suka fita ba, sa'a ce kawai ta bambanta. Irin waɗannan babu wani kamfani a Landan da ya ajiye musu kwafi. In tef ɗin rediyo ya lalace, sun mutu mutuwa ta biyu.

Tef kuwa yana lalacewa. Duk wanda ya taɓa ajiye kaset ɗin Shata a akwati cikin danshin Ikko, ya buɗe bayan damina biyu ya tarar da fumfuna, ya san rabin labarin. Zaren da gidajen rediyo ke amfani da shi ya fi na kaset faɗi, a kan faranti ake naɗe shi, amma ciwonsu ɗaya. Roba ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danƙo. Tsohon samfuri in ya soma ruɓewa sai ya riƙa tsami, ya ƙanƙance, ya karye. Wani samfurin na baya kuma danƙonsa ke shan danshi ya yi yauƙi, in aka sa shi a na'ura garin ƙarfen ya kankare, muryar ta bi shi. Maganin da masana suka samo abin mamaki ne: sai a gasa tef ɗin a tanda mai ɗan zafi, wajen awo 50 a ma'aunin zafi, na tsawon sa'o'i, ya bushe na ɗan lokaci, a yi maza a kwafe shi cikin kwamfuta.

Na'urorin ma sun zama matsala. Manyan kamfanonin da ke ƙera su sun daina, kayan gyara sai a cire daga wata a sa wa wata, makanikan da suka san cikinsu kuma sun tsufa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyoyin murya ta duniya suka yi shelar gargaɗi cewa lokacin kwafe tef yana ƙurewa, suka ambaci wajen 2025. Aikin kuma ba ya gaggautuwa. Tef na awa ɗaya sai ya ci awa ɗaya ana sauraro, ban da sharewa da gyara da rubuta bayani.

Wannan aiki ya faɗo wa Bulgeriya a lokacin da aljihunta ya fi bushewa. Mulkin gurguzu ya faɗi a 1989. A 1991 gobara ta cinye gidan opera na Stara Zagora, sai a 2010 aka sake buɗe shi. A 1996 da 1997 kuɗin ƙasar ya zama takarda, albashin mawaƙi bai isa cefane ba. Balkanton ya rasa kasuwa, masu satar fasaha suka cika gari da faifan CD na jabu, daga baya aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa. Ƙasar da ta kusa kai mutum miliyan 9 a 1985 ta yi asarar fiye da miliyan biyu, da yawansu ƙaura suka yi. A irin wannan hali, mai cewa a sayi na'urar sanyaya ɗaki domin tsofaffin faya-fayai ba shi ne farkon wanda za a saurara ba.

Duk da haka ba a bar abin ya tafi ba. Rediyon Bulgeriya ya kwafe wani kaso na Taskar Zinariya cikin kwamfuta, ya sa wasu a shafinsa na intanet. Masu sha'awa, a gida da waje, sun riƙa tono faya-fayan Balkanton a kasuwar tsofaffin kaya suna ɗorawa a YouTube, ko da yake wani da ƙarar allura, wani ba kwanan wata, wani ma da sunan mawaƙin da ba shi ne ya rera ba. Dandamalin ma bai mutu ba. Tsakanin 2010 da 2013 Opera ta Sofiya, ƙarƙashin Plamen Kartaloff, ta nuna wasanni huɗu na Wagner da ake kira Zobe, waɗanda ke cin awa 15 in an haɗa su, da mawaƙan gida, aka ɗauke su a bidiyo, a 2015 kuma suka kai su har Jamus, ƙasar mai wasan. Sonya Yoncheva, 'yar Plovdiv kamar Christoff, ta ci gasar Operalia a 2010, ta bi sahun na gaba zuwa manyan gidajen Turai da Amurka.

Akwai muryar Bulgeriya guda ɗaya da ba ta da fargabar danshi. A 1977 Amurkawa suka harba kumbo biyu masu suna Voyager, kowanne ɗauke da faifan tagulla mai ruwan zinariya, cike da muryoyi da kaɗe-kaɗen duniya. A ciki akwai waƙar gargajiya ta Valya Balkanska, 'yar duwatsun Rodopi. Ba opera ba ce, waƙar ƙauye ce, irin wadda opera ɗin ta tsiro daga cikinta.

Na ƙasa kuwa kwafewa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Ma'ajiyar kwamfuta ita ma tana mutuwa, sai an ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, ana sabuntawa bayan 'yan shekaru, watau kuɗin da ba ya ƙarewa. Sannan ga matsalar da ke damun kowace ma'ajiyar murya a duniya: kwalin tef da aka rubuta wa sunan wasa da fensir, ba sunan mawaƙi, ba shekara. Na'ura ba ta iya faɗin wane ne. Sai an nemo tsohon ɗan amshi ko tsohuwar ma'aikaciyar rediyo, a kunna musu, su rufe ido su ce wannan wane ne, a Ruse, kafin a yi masa aikin maƙogwaro. Wanda ya shiga 'yan amshin Sofiya yana ɗan shekara 25 lokacin da Ghiaurov ya fara hawa dandamali a 1955, a 1930 aka haife shi.